Aron Ƙyauren Iya Hure

"Lafiya ƙalau, amarya, ya ruwan jiya? Au, ashe dai kin tashi. Na ji garin shiru da asuba, na ce ko jama'a ce ta yi ta maza ta ƙi yin kuka."

"Ruwa ya yi gyara, ango. Ni zan ga bayanka, ɗan nema. Ka zo ka tsaya min a ka kamar turken jaki, tsugunna ka gaishe ni yadda mutanen kirki suke yi."

Muntaka ya tattare rigarsa ya tsugunna a bakin tabarma, ya ajiye ƙullin goro a gefen ƙwaryar da ke gabanta. Iya Hure kakarsa ce, ita ta haifi babansa, kuma duk Marken Sambo, wani ƙauye da ke can gefen Kunci, babu wanda ya kai ta shekaru, babu kuma wanda ya kai ta baki. Hantsi ne na tsakiyar damina, gero ya kai ƙugu, mutanen gidan duk sun watse gona, sai ita kaɗai a ƙofar ɗakinta tana tsinkar tafasa. Da gangan ya zaɓi wannan lokacin, don abin da ya kawo shi ba na faɗa a gaban mutane ba ne.

'Yarsa Ramlat sikila ce. Makarantar firamare kuwa tana can ƙetaren fadama, tafiyar da ko lafiyayyen yaro sai ya huta a hanya. Ranar da ruwa ya dake ta a hanyar dawowa aka kwashe ta ranga-ranga sai asibiti, likita ya ce a raba ta da sanyi da doguwar tafiya. Sai uwarta Zakiyya, wadda ta gama sakandare a Minjibir, ta ce ita za ta koyar da abarta a gida. Zakiyya ke koyarwa, Muntaka ke neman kayan aiki, kuma in za a faɗi gaskiya, rabin abin da ya samo daga wannan ɗakin ya fito, ba tare da sanin mai ɗakin ba.

Iya Hure ta kwance ƙullin, ta jujjuya goron, ta dube shi ta wutsiyar ido.

"Goro? Daga hannunka? Fari ma kuwa? Ruwa ba ya tsami banza. Rabona da goronka tun lokacin da kake so in lallashi ubanka ya saya maka babur."

"Haba amarya, miji ba zai kyautata wa iyalinsa ba?"

"Mijin da ke sace tsintsiyar matarsa? Ina tsintsiyata?"

"Tana makaranta."

"Tsintsiyar ce ta shiga boko?"

"An kakkarya ta an ɗaɗɗaure goma-goma, da ita ake koyon lissafi. Ke kin tsufa ba ki taɓa leƙa aji ba, ga tsintsiyarki ta riga ki. Ai abin alfahari ne."

"Ungo naka," ta yi masa daƙuwa da hannun da ke riƙe da ganye. "Faifaina fa, mai jan baki, wanda na saƙa da hannuna?"

"Ya zama agogo. Zakiyya ta liƙa masa lambobi, ta soka masa sillen kara guda biyu, dogo da gajere."

"Agogon da ba ya tafiya."

"Mai shi ya biyo."

"Ni ce ba na tafiya? Ni da na je birni a ƙasa da kwandon daddawa a kaina, na dawo na ɗora tuwon dare? Kai kuwa ko makewayi za ka sai ka tayar da babur. Saura zanena na saƙi da ya yi ɓatan dabo a kan igiya. A cikinsa na goyi ubanka."

"Shi ya sa na zaɓe shi. Zanen da ya jure wa babana ai zai jure gugar allo."

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kakanka ma haka yake, in ya shigo ɗakin nan sai na duba cokulana bayan ya fita. Allah ya jiƙan Malam."

"Amin. Ya huta da baki."

Ta ɗaga ƙwaryar kamar za ta kwaɗa masa, ya kauce yana dariya. Sai dai dariyar ba ta hana idonsa zarcewa ta ƙofar ɗakin ba, can lungun bayan gadon ƙarfe, kuma tsohuwar da ake cewa idonta ya yi rauni ta gani sarai.

"In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Me kake leƙe a ɗakina?"

"Kyawun ɗakin amarya nake kallo."

"Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Faɗi abin da ya kawo ka, tafasata na bushewa."

"To, Iya, allo muke nema. Komai ya samu. Na je wurin tsohon hedimasta ya ba mu aron littattafai, na tsinto marafan kwalba a wurin mai shayi, Zakiyya ta yanka haruffa da kwalin taliya, har karatu aka tura mana a waya a shagon caji. Allo ne ya gagara."

"Allon da ke rataye a zaurenku fa, na tawada?"

"Yana nan, da shi take karatun Alƙur'ani da safe. Wannan na boko ne, babba ake so, baƙi, wanda malama za ta tsaya a gabansa da alli."

"Ku shafa baƙi a bango mana. Sai an tara malamai kafin a san wannan?"

"Mun shafa. Gawayi na daka da kaina, na kwaɓa da ƙaro, na shafe bangon rumfa. Ruwan farko ya wanke rabi, farar akuyar Zakiyya ta je ta goga jikinta da ragowar. Da yamma aka yi ta neman akuya a gari, alhali ga ta nan a tsakar gida, ba wanda ya gane ta."

Iya Hure ta tuntsire da dariya har sai da ta dafa ƙasa.

"Akuya ma ta yi ilimi! Gidanku kam kowa ɗan boko ne, ban da maigidan."

"Na sayo silin a kasuwar Kunci, ya sha laima ya kumbura ya lanƙwashe kamar ɓawon kabewa. Na je wurin Basiru kafinta ya haɗa min falankai, ashe ɗanyen katako ne, ya bushe ya bar rami a tsakani, in Zakiyya ta ja layi sai alli ya faɗa ciki ya karye. Siminti kuwa kin san ya yi tashin gwauron zabi. Sai na zauna na yi tunani, na ce ai da tsohuwar zuma ake magani."

"Zumar ta ƙare, saura ƙudan, kuma suna harbi."

"Ƙyauren nan na bayan gadonki nake so."

Hannunta ya tsaya cak a cikin ƙwaryar.

Duk garin ba wanda bai san ƙyauren ba. Na maɗaci ne, faffaɗa, an haɗa shi yadda ko farce ba ya samun gaɓa, shekaru kuma sun goge shi ya yi sumul. Shi ne ƙyauren ɗakinta tun tana amarya. Da 'ya'yanta suka sa mata na ƙarfe, sai ta naɗe shi ta jingine a bayan gado. A kansa aka wanke gawar mijinta Malam Abdulƙadir, daga nan kuma ya zama in dattijo ko dattijuwa ta rasu a unguwar, shi ake zuwa aro a yi wanka a kai, a wanke shi a mayar. Ta kuma sha faɗa, a gaban manya da yara, cewa a kansa za a wanke ta. Wannan ne abin da jikanta ya zo nema da ƙullin goro, kuma shi kansa ya san ya taro babba.

"La'ilaha illallahu," ta ce tana tafa hannu. "Ashe tsintsiya sharar fage ce. Yanzu kuma shimfiɗar tafiyata kake so ka ɗauke. A kan me za a wanke ni? A kan babur ɗinka?"

"Ke da kika ƙi tafiyar? Tun ina goye ake cewa ƙyauren Iya yana jira. Mu jikoki mun wasa haƙora don gumbarki har sun dakushe."

"Gumbata? Ko ɗanɗane ba za ka yi ba. Na bar wasiyya, in an surfa geron a ba ka dusar."

"Kafin nan gara ta cinye ƙyauren."

"Gara ta san na wane ne. Ta zo sau ɗaya, na yi mata magana, ba ta sake dawowa ba."

"Wannan kam na yarda. Ko ni da ina da wata kakar da ban dawo ba."

"A kan jaki Malam ya ɗauko shi tun daga birni, shekarar da aka kawo ni. Duk garin nan asabari ake ratayawa, ni kaɗai ce mai ƙyauren katako. Mata har kallo suke zuwa."

"Ni kuwa na ji an ce mai kauri ya zaɓa don ya rage jin muryarki daga zaure."

"Wanda ya gaya maka ɗan baƙin ciki ne. Malam in bai ji muryata ba ko fura ba ta wuce masa."

"Tsoro ne, ba so ba."

"Ko ma mene ne, ya zauna lafiya. Kai da ake so, ga ka nan kana yawon tsintar marafan kwalba a gari da gemunka."

"Iya, aro na ce, ba kyauta ba. Ranar da buƙatarki ta taso, a guje zan kawo shi, har da ruwan ɗumi."

"Ji ja'iri, har ya ɗora ruwa! Ba zan bayar ba."

"In ƙara goro?"

"Ko gonar goro ka kawo."

"In sake ki fa?"

"Da na yi sadakar ƙosai. Samari na nan a layi."

"A maƙabarta?"

Wannan ya kamata ta rama shi da abin da ya fi shi zafi, don Iya Hure ba ta barin bashin magana ya kwana. Amma sai ta ture ƙwaryar gefe, ta karkaɗe zanenta, ta dube shi ido cikin ido.

"Muntaka."

Ango take ce masa, ko ɗan nema, ko ja'iri. In ta kira sunansa na yanka, to wasa ya ƙare.

"Ba rowa nake maka ba. Da lafiyayyen yaro ne, wallahi da tuni ka kai gida da shi. Amma ƙyauren da aka wanke gawa a kai, ba ɗaya ba, ba biyu ba, shi za ka kafa a gaban yarinyar da kullum muna hanyar asibiti da ita? Ta tashi ta gan shi, ta wuni tana kallonsa? Ka san garin nan. Kafin la'asar an ce kun yi mata shimfiɗa tun da ranta. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, da wane ido zan dubi uwarta?"

Muntaka ya sunkuyar da kai yana tsinkar ganyen da ba a sa shi ba. Ya san ba ƙarya ta faɗa ba, shi ma ya kwana da wannan tunanin kafin ya zo.

"Iya, bakin mutane ai ya riga ya yi mata shimfiɗar. Ranar nan wata ta shigo dubiya, ta tarar Zakiyya na koya mata haruffa, sai cewa ta yi a bar yarinya ta huta, irin waɗannan ba a wahalar da su da boko, ba a san kwanansu ba. A gabanta fa. Wai ita tausayi ta ji."

"Wace mai bakin ce?"

"Ba zan faɗa ba, na san halinki."

"Ba sai ka faɗa ba, na san tafiyarta. Allah ya kai mu sunan gidan Liman, za mu haɗu a gindin murhu."

"Tun daga ranar Ramlat ta ajiye karatun. In uwarta ta ɗauko kwalaye sai ta juya baya, ta ce wannan ba makaranta ba ce, wasan 'yar tsana ne ake yi mata don kada ta yi kuka, makarantar gaske allo gare ta. Da safe ta je ta tsaya a bakin zaure tana kallon sa'o'inta suna wucewa da jakunkuna. Shekaranjiya ina ɗaure wa babur kaya ta zo ta riƙe min riga, ta ce, Baba, don ba zan girma ba ne aka cire ni?"

Ya jefa ganyen da ke hannunsa cikin ƙwaryar, ya ci gaba.

"Ban san abin da na ce mata ba. Na dai ce zan kawo mata allon da ya fi na makarantarsu. Na je na sami Liman, ya ce katako ba ya kashewa, ba ya rayawa, sauran duk camfi ne. Zakiyya ma ta san ko wane ƙyaure ne, ta ce in dai Iya ta yarda ita ba ta da ta cewa."

"Liman ɗin da na sani yana yawo ba wando," in ji Iya Hure, amma a hankali ta faɗa, kamar bakin ne kawai ya saba. Ta share gefen idonta da haɓar zane, ta ce tafasar bana yaji gare ta. Sannan ta girgiza kai. "Gaskiya ya faɗa, ajali ba a katako yake ba. Amma Liman ba ya zuwa gindin rijiya, ba ya jin abin da mata ke cewa. Yarinyar nan kunne gare ta kamar zomo. Wata za ta gaya mata, kuma da mugun baki za ta gaya mata. A'a, Muntaka."

Ransa ya ɓaci ƙwarai, ba da ita ba, da kansa, don ya yi wa yarinya alkawari ya kuma rasa inda zai sa kansa. Amma ba a barin gaban kaka da fuska a murtuke, sai ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya miƙa mata hannu.

"Shi kenan, riƙe abinki. Ba ni gorona."

"An taɓa mayar da toshi? Ka ga matsiyacin miji."

"To a ci lafiya, in akwai haƙoran ci."

"Turmi na ajiye don irin wannan ranar."

Ya juya ya nufi zaure. Yana tafe yana tunanin ko ya koma wurin Basiru a cike ramukan nan da garin katako, ko da ya san ba za ta yi ba. Har ya sa ƙafa a dokin ƙofa ya ji muryarta a bayansa, irin muryar da aka ce Malam ya sayi ƙyaure dominta.

"Kai, mai fushin kaza! Wa ya sallame ka? Dawo ka jawo min gadon nan, ni bayana ba zai iya ba."

Bai tambayi dalili ba, don wanda ya tsaya tambaya a irin wannan lokacin shi ke komawa hannu rabbana. Ya shiga ya ja gadon ƙarfen yana ƙara, ya rungumo abin da ke naɗe cikin tsohuwar tabarma da buhuna, ya fito da shi tsakar gida da ƙyar, ya jingine a jikin rumbu. Iya Hure ta dogara sandarta ta zo ta kwance igiyar da kanta. Katakon ya fito ja-ja-wur, ba tsaga ba huda. Ta shafa shi da tafin hannu tun daga sama har inda hannunta ya iya kaiwa.

"Ka san kullum na buɗe ido shi nake fara gani?" ta ce. "Yana tsaye a kaina kamar ɗan kamasho yana jiran mota ta cika. Ni ma na gaji da kallonsa."

"Ai da kin shiga motar da kowa ya huta."

"Rufe min baki, ina magana da manya. Aro ne, ka ji ko? Kuma da sharaɗi. Kada a buga masa ƙusa. A jingine shi a kan duwatsu, kada ya taɓa ƙasa. Ba na so ranar ƙusa ta soke ni."

"Ranar ko da kibiya aka soke ki ba za ki ji ba."

"Zan ji, kuma zan tashi in faɗi wanda ya buga ta."

"Na yarda, ba ƙusa. Amma fa kin san baƙi za mu shafa masa."

"Wato in fito daga wanka baƙa ƙirin kamar akuyar matarka?"

"Da can fara ce ke?"

"Ka tambayi Malam. Ku shafa a bayan, ku bar min cikin, nan ne wajen kwanciyata."

Muntaka ya tsaya yana dubanta. Murna na neman kama shi, amma maganarta ta ɗazu ba ta bar shi ba.

"To, Iya, bakin mutanen fa? Ke kika ce za a gaya mata."

"Ai shi ya sa ba zan bari a riga ni ba. Ɗauko min mayafina anjima, ka zo ka kai ni a wannan babur ɗin naka mai tari. Ni zan gaya mata da bakina. Zan ce, ƙawata, kin ga ƙyauren nan, a kansa aka wanke kakan babanki, a kansa za a wanke ni. Na ba ki aro ki yi karatu. In kin gama, ke za ki dawo min da shi da ƙafarki, ba ubanki ba, don shi ɓarawon tsintsiya ne."

"Har a gaban 'yata sai kin tona min asiri?"

"Ban gama ba. Kuma ita za ta wanke ni a kai, da hannunta. Na ba ta wannan aikin, zan kuma faɗa a gidan suna kowa ya ji, har da mai bakin nan." Ta buga sandarta a ƙasa. "Ka taɓa ganin an sa yarinya wankan gawa? Sai mace ta cika mace, ta mallaki hankalin kanta, ta san farilla ta san sunna. To ta shirya, aiki na jiranta. Rai na Allah ne, amma roƙo namu ne, kuma mai rabon ganin baɗi sai ya gani."

Tun ranar da likita ya faɗi sunan ciwon nan, kowa iyakarsa Allah ya ba ta lafiya, daga nan a yi shiru a sauya zance. Ba wanda ya taɓa cewa in Ramlat ta girma, har shi uban, ko a zuciyarsa tsoron faɗa yake. Yau ga tsohuwa ta tsaya a tsakar gida tana maganar 'yarsa a matsayin babbar mace mai aiki a gabanta, kamar abin da aka gama shiryawa. Daɗi ya kama shi har idonsa ya cika, sai ya duƙa ya ɗauki tsumman buhu yana naɗa gammo, ya daɗe yana naɗawa.

"Gammon ne ya gagare ka, ko kuka kake yi, ƙaton banza?"

"Tafasarki ce, ke kika ce yaji gare ta." Ya ja hanci ya miƙe. "Amma tsohuwa, kin san abin da kika ɗauko kuwa? Firamare ce fa yanzu. Ga sakandare, ga jami'a. In kuma ta ce likita za ta zama, wannan karatun ba ya ƙarewa. Duk ki zauna kina jira? Mu kuma mu yi ta kawo goro?"

"In ka gaji ka riga ni. Ai ƙyauren yana gidanka, ba sai an yi aike ba."

Dariya ta ƙwace masa har gammon ya faɗi. Ya ɗaga hannu biyu sama.

"Kin ci, amarya. Wallahi yau kin ci, na sallama."

"Yaushe ka taɓa ci? Duƙa in ɗora maka, kada ka fasa min rumbu."

Ba wani ɗorawa da ta yi, hannu kawai ta sa a gefe tana ba da umarni, shi ya yi nishinsa ya ɗaga. Ƙyauren ya fi yadda ya zata nauyi, sai da ya karkata shi kafin ya wuce ta zaure. Ya fito ya kama 'yar hanyar da ta ratsa tsakanin gonaki zuwa gidansa, ganyen gero na shafar ƙafafunsa, yana tunanin a wace rumfa zai jingine shi inda feshin ruwa ba ya kaiwa. Bai yi nisa ba ya jiyo ta daga bakin zaure, ta dogara sanda tana ɗaga murya yadda duk mai noma a kusa sai da ya ɗago.

"Ango! Ka ce wa ƙawata ta yi karatun a tsanake, kada ta tsallake ko aji ɗaya. Ni ba sauri nake ba!"